Awakin Zuwaira da Fakon Bayan Gida

Na daɗe a duniya. Na ga an yi rigima a kan gona, a kan jaki, har a kan zakara, amma ban taɓa ganin an kai kashin akuya gaban mai unguwa ba sai a kan Zuwaira. A kwando aka kai shi, ana ɗagawa ana nuna wa dattawa kamar kayan lefe. A Tudun Wada ta Gusau aka yi, ranin shekarar 1998, lokacin da takin zamani ya yi ɓatan dabo, wanda aka samu kuma sai mai babbar riga.

Zuwaira maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. 'Yar 'Yankuzo ce ta ƙasar Tsafe, gajera, mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Aure ya kawo ta Gusau wurin Arzika, mutumin Karakkai. Da Allah Ya karɓi ransa, ya bar mata 'ya'ya mata biyu, Wasila da Uwani, da awaki uku, da ɗaki ɗaya a gidan gado da suke zaune da ƙanensa Mas'udu. Shi Mas'udu yana da gona a Karakkai, yana da baki a Gusau, kuma bakin ya fi gonar albarka.

A wurinmu kowa ya san tsarin: akuya ta mace ce, juji na mai gida ne. Mace ta share, ta tara, rani ya yi a kwashe a kai gonar namiji. Ba wanda ya taɓa tambaya sai ranar da Mas'udu ya tarar da Zuwaira ta cika kwando da kashin awaki za ta bayan ɗakinta.

"Aje kwandon nan, matar Yaya."

"Awakina na, Mas'udu."

"Awakinki na, ban musa ba. Kashin fa?"

"Kai ka yi shi?"

Ina leƙe ta kan katanga, dariya ta kusa kayar da ni daga kan turmi. Daga nan murya ta hau murya, sai ga mu gaban mai unguwa. Tsohon ya dubi kwando, ya kau da hanci, ya ce, "Zuwaira, mi awakin nan ka ci?"

"Harawa, ranka shi daɗe."

"Harawar wa?"

Kowa ya san harawar daga gonar Mas'udu take zuwa.

"To ai magana ta ƙare," in ji mai unguwa. "Wanda ya ciyar, shi ke da abin da ya fito."

Mas'udu ya rungume kwando kamar an ba shi sarauta. Amma kafin a watse, mai unguwa ya tambayi Zuwaira me take so ta yi da taki, ita da ba ta da gona. A nan ne dariya ta ƙare. Ta ce fili ne a bayan ɗakinta, tana so ta mai da shi lambun kuɓewa, ta samu na miya, ta sayar da saura. Mas'udu ya ce sam, shi ya riga ya yi wa filin lissafi. Gusau ta zama babban birnin jiha, ma'aikata sun cika gari suna neman ɗaki, zai yi ɗakunan haya.

Kowa a wurin ya fahimci abin da ke ƙasan maganar. In filin ya tafi, babu wurin awaki, babu na miya. Zuwaira sai ta tattara ta koma 'Yankuzo, 'ya'yan kuma na dangin uba ne, a hannun Mas'udu za su zauna. Ba kuɓewa ake ja ba, Wasila da Uwani ake ja.

Mai unguwa ya ce marayu suna da haƙƙi a gidan. Mas'udu ya sheƙe da dariya ya ce, "Wanga fako? Ku shaida, in ya fid da kuɓewa kafin a yanke gero, na bar mata shi har abada. In bai fid da ba, ranar zan aza gini." Dattawa suka ce sun shaida.

Mas'udu ya san abin da ya taka. Wurin nan ne aka kankare ƙasar sama aka yi tubalin gidan. Abin da ya rage jan fako ne, mai tauri kamar bayan tukunya. Ruwa ya zuba ya gudu. Ko gara ba ta yarda ta zauna ba.

A hanyar gida na ce mata, "Ke kam kin sha kaye, kin kuma sayo wani." Da muka isa sai ta kwashe harawar Mas'udu daga gaban awaki, ta kai masa ƙofar ɗaki ta jibge. Daga ranar awakinta suka koma cin dusar da take samu a surfe, da 'ya'yan gawo da take tsintowa a bayan gari. Ta kafa turaku a kan fakon, tana matsar da su gaba-gaba, yadda Fulani ke yi da shanu in sun sauka gonar mutum bayan kaka. Sai dai Fulani da garke suke yi, ita da awaki uku, ɗaya ma gurguwa.

Sai ta shiga yawon neman taki. Juji a Gusau shekarar nan ya yi daraja. Kowane tsibi ka gani da sanda a kai da tsumma a ɗaure, alamar yana da mai shi. Wanda ba mai shi kuma leda ce da fasasshiyar kwalba da mataccen batir. Ta tafi kara, kasuwar dabbobi ta Tsafe, ta tarar ana share kashin shanu ana ɗurawa a buhu, masu lambu na rububi kamar hatsi. Ta ji kuɗin, ta ce ita ba tuwo za ta yi da shi ba. Ta wuce 'Yankuzo wurin yayanta Anas. Shi ma gonarsa na jiran taki, sai kunya ta kama shi. Ya kai ta wani tsohon mazaunin Fulani, suka kankaro baƙar ƙasa buhu guda, ya kuma ba ta irin kuɓewar tsohuwarsu ƙulle a tsumma, abin da bai cika tafin hannu ba. Ana wahalar mai, direba ya ce buhun ƙasa sai dai ya biya kamar mutum. Haka buhu ya zo Gusau a zaune kan kujera, ita a maƙale bakin ƙofa.

Bungudu kuwa ta mai da ita kamar bayan ɗaki. Ta ɗebo lakar bakin gulbi, ta ɗebo buntun shinkafa a wurin masu inji, wanda da ma ƙonawa suke yi. Daga tasha a ka take ɗaukowa. Wuyanta ya shige, ta ƙara gajarta. Na ce, "Zuwaira, in kika ci gaba haka, kafin damina sai mun neme ki cikin zane."

Ta ce, "Inna Yelwa, bar ba'a. Awakinki mi suka ci?"

"Dusata."

"To kashinsu na wa na?"

Wallahi sai da na zauna. A yammacin nan na kora nawa zuwa fakon. Kafin wata ya mutu, matan layinmu duk wadda ke ciyar da akuyarta da hannunta ta kawo ta kwana bayan ɗakin Zuwaira. Maza suka ga juji na ramewa, suka ruga wurin mai unguwa. Ya ce shi ya riga ya yanke, ba zai haɗiye maganarsa ba. Har mijin wata ya koma bin akuya da harawa yana lallashi.

Zuwaira ta haƙa rami a gefe. Ta zuba kashin awaki, ta zuba buntu, ta zuba toka da laka da baƙar ƙasar nan, tana yayyafa ruwan wanke-wanke, ta rufe da tsohuwar zana. Irin wannan haɗi sai ya yi zafi a ciki ya ruɓe, sannan ya huce. Ba a yi masa gaggawa.

Ruwan fari ya sauka rami bai huce ba. Kowa ya fita shuka, ita tana tsaye. A nan ta yi kuskuren da har yau in na tuna mata sai ta harare ni. Akwai Madam Rebecca, matar wani ma'aikaci da sabuwar jiha ta kawo, tana kiwon kajin gidan gona. Ta ba Zuwaira kashinsu kyauta, ta ce, "Maman Wasila, ki bar shi ya daɗe, yana da ƙarfi fa." Zuwaira ta yi godiya, ta fito tana cewa ƙarfin me, ina kaza ina akuya, wa ya fi wani girma? Mu kajinmu na gida yawo suke, ba mu taɓa tara kashinsu mun gwada ba. Ta zuba shi ɗanye, ta shuka rabin irin.

Ya tsiro kore shar, muka yi guɗa. Ba a jima ba ganye ya fara ƙonewa daga baki, ya yi ruwan ƙasa, ya kwanta kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ko ɗaya bai tsira ba.

Washegari tifa ta juye yashi a ƙofar gida. Aka jera bulo dab da tagar Zuwaira, yadda in ta buɗe ido da safe shi za ta fara gani. Mas'udu ya fara kiran Wasila yana cewa ta saba da ɗakin matarsa tun yanzu. Yarinyar ta daina cin abinci.

Kullum da safe Zuwaira ta ɗage zana ta tura hannu cikin ramin har gwiwar hannu. Ni kuma ina kan turmi.

"Yaya?"

"Da zafi."

Gero ya kai gwiwa a gonaki. "Yaya?" "Da ɗumi." Na ce ta shuka hakanan, lokaci na tafiya. Ta ce irin da ya rage shi ke nan, in ya ƙone ba ta da wani. Ta ƙara ƙulle tsumman ta soke a zane. Ban ƙara ba'a ba, abin da ban saba ba.

Ranar da ta zaro hannu da sanyi, har da tana a maƙale a yatsa, ƙasar ta yi baƙi tana ƙamshin ruwan fari. Ba ta baza ta a fili ba, don ba za ta isa ba. Ta ari diga ta fasa fakon rami-rami, ta cika kowanne da haɗin, ta sa ƙwaya bibbiyu. Awaki suka koma gidajensu, muka kewaye wurin da ƙaya. Ni aka ba gadi, da sanda. Akuyar da ta matso ta san ni.

Kuɓewa ta tashi, amma gero ya riga ta nisa. Ya fid da kai tana ganye. Ya fara ƙosawa tana neman fure. Mas'udu kullum yana Karakkai yana murza zangarniya a tafin hannu. Da ya ga furen farko ya buɗe, rawaya da jan ciki, sai ya kasa haƙuri. Geron kowa bai gama bushewa ba, amma shi ya shiga nasa ya yanko dami guda da sauran ɗanye, ya ɗoro a kan mashin, ya kira mai unguwa da magini rana guda.

Muka taru a bayan ɗakin. Ya jefar da damin ya ce, "An yanke gero."

Mai unguwa ya matsa ƙwaya da farce, ruwa ya fito fari. Ya dube shi ya ce, "Wanga ko tumu bai gama isa ba, amma mu ga na Zuwaira."

Ta shiga tsakanin ganye ta durƙusa. Ta daɗe. Wasila ta riƙe zanena har sai da ya kusa kwancewa. Can ta miƙe da 'yan kuɓewa a hannu, ƙanana kamar yatsun jariri, da gashinsu.

"Wannan ce kuɓewa?" in ji Mas'udu. "Ko miyar ɓera ba ta yi."

"Ka ce kuɓewa, ba ka ce mai girman ƙaho ba," in ji mai unguwa.

Magini ya fara saɓa cebur zai tafi. Mas'udu ya tare shi, ya juyo da sabuwar magana. Ya ce to ya ji, ta fito. Amma a ƙasar wa ta fito? Ƙasar ubansu ce, shi ne babba a gidan yanzu, don haka lambun da abin da ke ciki na gida ne, shi zai ce a bari ko a tuge. Wasu daga cikin mazan nan da jujinsu ya rame suka fara gyaɗa kai. Mai unguwa ya kama gemu yana jinjina maganar, abin da bai yi mini daɗi ba.

Zuwaira ta sunkuya, ta damƙo baƙar ƙasa daga gindin kuɓewa, ta kamo hannun Mas'udu ta zuba masa a tafi.

Ta ce, "Duba da kyau, ƙanen miji. Ga Tsafe, ga Bungudu, ga awakin matan unguwa. Nuna mini taka a ciki. Ranar da ka rungume kwandona, cewa anka yi wanda ya ciyar shi ke da abin da ya fito, kai ka fi kowa cewa amin. To ƙasar nan, tun da kake, mi ka taɓa ba ta ta ci?"