Ma'aunin Albarushin Kawu Toktosun

Kawu Toktosun bai taɓa sayen harsashi a kanti ba. Da kansa yake tsince kwanso, ya zuba albarushi, ya ɗora dalma. Duk kwarinmu na At-Bashi, in kyarkeci ya shiga tumaki, shi ake kira.

Sai bara bindigar ta fara ba shi kunya. In ya auna kututture, harsashin sai ya faɗi ƙasa. Ya wanke bututun, ya ɗaure kusoshi, ya zagi mai sayar da albarushi, har tabarau ya aro. Ranar da kyarkeci ya tsaya ya kalle shi ya wuce, ko shayi Kawu bai sha ba.

Da yamma matarsa, Inna Burul, tana ɗinkin dardumar ulu, ya miƙa mata hannu yadda ya saba. Tun aurensu, da ɗan ƙoƙon ƙarfen da take sa wa yatsa yake auna albarushi. Sai ranar ya dube shi da kyau.

"Ke tsohuwa, wannan ba shi ba ne!"

"Wancan ya huje tun kaka. Yatsan ya rame, na sayi ƙarami."

"Kina kallo ina zagin bayin Allah?"

"Ka tambaye ni? Shekara da shekaru kana cika baki a kasuwa, alhali yatsana ke harbin."

Kawu bai ƙara maganar bindiga ba. Yatsan ya riƙe yana dubawa, sannan ya tura mata man shanun da ke gabansa duka.