Malam Halliru, Ƙanen 'Yarsa

Maƙwabcina Malam Halliru ya shekara goma sha huɗu yana aiki a ofishin gidaje na council, wato ƙaramar hukuma, har ya fara kallon kujerarsa kamar gado. A 2011 aka ce gwamnati za ta tsuke bakin aljihu, da aka duba ofishin kaf sai aka ga aljihunsa ne ya fi dacewa a fara da shi. Suka sallame shi da kati mai hoton fure. Kowa ya sa hannu, har da wanda ya kore shi.

Ni Choji sunana, direban bas ne. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu a unguwar Moss Side ta Manchester, kuma ba ta riƙe sirri. Ta nan na ji ranar da ya gaya wa matarsa Kulu zai koma jami'a ya karanta aikin injiniya, yana da shekara arba'in da huɗu. Ya kuwa koma. Kullum da safe ya shigo bas ɗina da jakar goyo, ya zauna cikin yaran da ya girmi iyayen wasunsu, fuska a murtuke kamar mai zuwa ta'aziyya.

A jami'ar akwai ƙungiyar ɗaliban arewacin Najeriya, Musulmi da Kirista, mai suna Inuwa Ɗaya. Shekara biyu Malam Halliru yana wuce teburinsu ba ko sallama. "Yara ne masu wasan sarauta," in ji shi. Ko da babbar 'yarsa ta shigo jami'ar shekara guda bayansa, ta yi rajista da su tun makon farko, taɓe baki kawai ya yi.

A shekara ta uku girman kan ya gamu da gamonsa. Ba a ba da digirin sai ka yi wata shida kana koyon aiki a kamfani, abin da suke kira placement, ga kamfanonin kuma sallamar ma'aikata suke yi. Takarda sittin ya aika. Amsoshin duk iri ɗaya ne, suna matuƙar baƙin ciki, suna kuma yi masa fatan alheri. Idan watan Maris ya wuce bai samu ba, wahalar shekara uku ta tashi a banza. Sai ya ji labarin wani tsohon ɗan ƙungiyar, Injiniya Ashafa, mai kamfani a Birmingham, yana ɗaukar ɗalibai biyu duk shekara, amma 'yan Inuwa Ɗaya kaɗai. Nan take masu wasan sarauta suka zama "yaran kirki masu riƙon zumunci".

Ni ya ja muka je wani shagon shayi a Rusholme ganin shugabansu, Davou. Cocinmu ɗaya da iyayen Davou, na san shi tun yana yawo ba wando. Yanzu ga shi da kwat da fayil.

"You're welcome, Uncle," in ji Davou, "amma akwai process. Duk new member ƙane ne, ko shekararsa nawa. Sai ka samu Yaya da zai yi sponsoring ɗinka."

"Yaya? A cikinku?"

"Tradition ne, Uncle. Al'adarmu ce ta Hausa."

Na kurɓi shayina don kada dariya ta ƙwace min. Yaron da aka haifa a asibitin bayan tasharmu ne yake koya wa haifaffen Ƙofar Mata al'adar Hausa.

Davou ya buɗe fayil. Kowane Yaya ƙane ɗaya yake ɗauka, kuma duk an rabe su tun farkon zango, tunda masu hankali a shekarar farko suke shiga. Mutum ɗaya ta rage. Ya juyo da takardar ya nuna da biro, Malam Halliru ya leƙa, ya ga sunan 'yarsa. Sannan Davou ya ƙara da cewa a taron shekara na Birmingham, kowane ƙane zai miƙe gaban manya ya ce, "Ni wane, ƙanen Yaya wane," da cikakken suna kamar yadda yake a rajista.

To a nan gizo yake saƙa. Yarinyar 'yar fari ce, kuma sunan mahaifiyarsa marigayiya aka sa mata. Mutumin Kano na da ba ya kiran sunan ɗansa na fari, balle sunan uwarsa, kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya. Shekara ashirin ina jin su ta katanga, ban taɓa jin sunan daga bakinsa ba. "Ke." "Yarinyar nan." In ya kai ta wurin GP, likitan unguwa, katinta yake miƙa wa mai rajista ta karanta da kanta. An sha gaya wa yarinyar cewa al'ada ce, ta ji da kunne. Amma ta tashi tana ganin iyayen ƙawayenta suna ƙwala kiran sunayen 'ya'yansu a filin wasan makaranta, nata uban yana gefe da hannu a aljihu.

Ya roƙi Davou a bar shi ya ce "Yayata" kawai. Davou ya karanto masa sashe na bakwai na tsarin mulki, ya rufe da, "It's just a name, Uncle." Sun gaji "Yaya" a takardar da manyansu suka bar musu, alkunya kuwa babu wanda ya ba su labarinta. Haushin abin har yau bai sake ni ba.

Mako shida ya yi yana ƙanenci. Ya jera kujeru, ya ɗauki kular shinkafa daga Ardwick zuwa ɗakin taro, ya share wuri bayan yara sun watse. Bai yi ƙorafi ba ko sau ɗaya. A gida kuwa shi da Yayar tasa sai gaisuwa, kowa yana kallon wani wuri.

Ranar taron, wata Asabar, ni na tuƙa su. Da azahar muka isa wani ɗakin taron unguwa a Birmingham wanda shi ma tsuke bakin aljihun ya sa an manna masa takardar rufewa. Likitoci, akantoci, injiniyoyi, kowa ya ci ado. Ƙanne tara suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka rattabo nasu ana tafi. Na goma aka kira shi.

Ya miƙe, ya gyara hula. "Ni Halliru, ƙanen Yaya..."

Ya tsaya. Yaran suka ɗaga wayoyi, sun ɗauka tsoho ya manta layinsa. Manyan kuwa sun gane sarai, suka sunkuyar da kai. Na kalli Injiniya Ashafa, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a wuce wurin. Amma shi ya rubuta sashe na bakwai da hannunsa shekara talatin baya, don haka ya ga babu abin da ya fi naman farantinsa muhimmanci. Na ga gumi yana gangara a wuyan Malam Halliru, tausayinsa ya kama ni sosai.

"Yaya Ruƙayyatu," ya ce.

Ya faɗe shi a hankali, ya fito da ƙa ɗin daga maƙogwaro yadda ake faɗinsa a gida. Yarinyar da malamai da ƙawaye suka mayar Ruki tun tana ƙarama ta ɗago kai da sauri. Aka yi tafi, Davou ya maƙala masa baji a ƙirji. Kafin a tashi Injiniya ya kira shi gefe ya ce ya fara aiki ranar Litinin ta sama.

Muka kamo hanyar dawowa. Malam Halliru ya samu abin da ya je nema, amma zaune yake kamar wanda aka kama da sata. Mun wuce Stafford sannan yarinyar ta yi magana daga kujerar baya, da Hausarta mai ɗingishi.

"Baba, ashe ka iya faɗa. All my life na ɗauka ba ka son sunan ne. Ko ni ɗin."



"Sunan uwata ne," ya ce. "Kuma ke ce ta fari. Da ban damu da ke ba, ai da tuni na kira ki gatsau kamar kowa."

Ta kifa kai a bayan kujerarsa tana kuka. Bai juya ba, amma ya miƙa hannu baya, ta riƙe. Da hannun a haka muka shigo Manchester.