Motar Baba ta yi tsayi, an manta da gwiwar Mama

Jiya da safe Mama ta tsaya a ƙofar gidanmu a Narayi, ta zuba wa motar Baba ido.

Da wannan motar aka kai ta coci ranar aurensu, shi ya sa Baba ya ƙi sayar da ita. Amma da damina ba ta iya hanyar gonar cittarsa. Sai ya sa wani mai walda a Kudenda ya ɗora bodinta a kan shasin tsohuwar a-kori-kura.

Sun gwada ta a taɓo, sun tsallaka rafi da ita, lafiya lau. Babu wanda ya tuna da ciwon gwiwar Mama. Bakin ƙofar motar ya kai mata ƙugu!

Ta ce, "Baban Rahila, shekara talatin ina shiga motar nan da mutuncina. Yau kuma sai da tsani?"

Baba ya ce, "Zo in ɗauke ki kamar ranar aurenmu."

"Ran nan kana da baya. Rahila, miƙo min kujerar kicin."

Na kawo, ta taka, ta haye gaba abinta. Kujerar ma ta bi su gona.

Jama'a, mu sa a yi mata matakala, ko mu bar Baba ya gwada bayansa?