Indararon da maigida ya toshe

'Yan uwa, ku taya ni godiya, yau saura kaɗan in rasa Hadiza!

Kwanan nan Arlit gumi kawai, kullum la'asar sai hadari. Tun bara maigida ya toshe indararonmu da laka, wai nan ba a ruwa, tsuntsaye ke sheƙa ciki. Yau ruwa ya kece, jinjirata Hadiza na barci a ɗaki, ina tsakar gida ina tarar ruwa. Sai maƙwabciyata Tamu ta faɗo ba sallama.

"Maman Hadiza, daga samanmu na hango, rufinku ya zama tafki! Ina yarinya?"

Ta shige ta sungumo ta. Fitowarsu ke nan, azara ta karye!

Maigida ya dawo daga ramin ma'adini, ya ga tabarmarta ƙarƙashin laka. Ya karɓi Hadiza, har yanzu bai ajiye ta ba.