Baba Garga, Mai Juya Duwatsun Layinmu

Da an sallame sallar asuba, kowa a layinmu na unguwar Briqueterie ya san inda zai nufa. Mai shayi ya hura wuta, 'yan bensikin su tayar da baburansu su fita neman fasinja. Baba Garga kuwa sai ya ɗauki bokiti ya bi masu tsire yana kwashe tokar jiya, ya biya wurin kafintoci a cika masa buhu da garin katako. Kafin rana ta yi zafi yana durƙushe a ƙofar masallacin layi, a kan duwatsun daɓen nan da muke kira fabe, yana bin baƙin mai tabo bayan tabo.

Ba wanda ya sa shi. Tsohon mai wankin mota ne, ya riga ya ajiye aiki. Wata rana amininsa Malam Siddiƙ, ladanin masallacin, ya fito kiran azahar bayan an ɗauke ruwan sama, ya taka inda wani ya juye man babur. Santsi ya kwashe shi, ƙugunsa ya karye. Har yau daga kan tabarma yake jin wani na kiran salla a madadinsa. Washegarin faɗuwar Garga ya sayo burushin ƙarfe, kuma yaran da aka haifa a waccan shekarar, yanzu sun fara gemu.

Aikin yana da tsari. Ba ya yarda a zuba ruwa kan sabon mai. Yakan ce, "Ruwa ba ya korar sa, rakiya yake yi masa." Toka da garin katako ne farko, ya murje su da diddige, ya bari su shanye, ya share. Sannan Safiyatu mai ƙosai ta ɗebo masa tafasasshen ruwa, ya barbaɗa garin sabulu ya goge. In tabon ya yi taurin kai sai ya sa soda, wadda ta cinye masa tafin hannu har ya tsattsage. In kuma mai ya riga ya shige cikin dutsen, sai ya sa ƙarfe ya ɓanɓaro shi, ya juya shi ƙasa ta koma sama, ya gyara yashi, ya daddoka da icce. Ranar Juma'a sahu ya cika masallaci ya malalo har titi, mutane su shimfiɗa dadduma su tashi da fararen rigunansu tsaf, ba wanda ya taɓa tambayar yadda aka yi.

To me muka saka masa da shi? Mun mayar da ƙofar masallaci gareji. Saurayi lafiyayye zai jingine babur, ya kwance noti, ya tsaya yana danna waya mai na tsiyaya a ƙasa. Ga yankakken galan nan Baba ya rataye a jikin katanga don a riƙa tarewa, amma sunkuyawar ce ta gagara. Safiyatu shaida ce ranar da Rayyan, ɗan bensikin, ya juye mai a gaban tsohon.

"Ɗana, ga galan can," in ji Garga.

"Haba Baba, ina sauri ne! Wai titin nan gado aka bar maka?"

"Ba gadona ba ne. Goshinka ne zai sauka nan jibi Juma'a."

"To sai ka wanke mini da kyau, Patron Fabe, maigidan duwatsu!"

Aka kwashe da dariya, har da manya masu carbi a hannu. Wallahi dariyar ta fi man ƙazanta. Tsohon ya durƙusa ya zuba toka.

Makon jiya ne abin ya zo ƙarshe. A daidai inda Malam Siddiƙ ya faɗi, Garga ya ɓanɓaro dutse zai juya, sai ya tarar da ƙasan baƙi ƙirin. Ya ɗaga na kusa da shi, haka. Ya ɗaga na gaba, haka. Ya zauna dirshan a ƙasa yana kallon hannuwansa.

Safiyatu ta ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Waɗannan na riga na juya su, 'yata. Fuska biyu gare su, duka mun ɓata. Ni ma gwiwar ta ƙi."

Ya mayar da duwatsun mazauninsu, ya ajiye bokiti da burushi a ƙofar masallaci. 'Yarsa Jiddah ta zo daga unguwar Madagascar ta tafi da shi gidanta.

Baba Garga, kai ne ka durƙusa don mu miƙe da tsabta. Kai ne wanda tsofaffi suka taka ƙasa bayan ruwa ba fargaba saboda shi, ba su ma san sunan mai aikin ba. Ka ba mu gwiwarka da fatar hannunka, muka ba ka sunan tsokana. Mun gode, kuma ka yafe mana. Allah ya wanke ka kamar yadda ka wanke mana wurin sujada.

Ku kuma 'yan'uwana masu babura, ba yabo yake jira daga gare ku ba. Ku sunkuya ku sa galan. Wanda ya ga tabo ya zuba toka kafin ya kira ruwa. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen unguwar Tsinga, sabon ladaninmu ma tsoho ne mai dogara sanda, kuma ta nan yake bi. Bokitin yana nan a ƙofar masallaci inda Baba ya ajiye shi. Har safiyar yau ba wanda ya ɗauka.