Jan Layi a Wuyan Barde

Duk gidanmu mun yi kuskure a kan hoton nan, har da ni, shekara goma sha tara ina kallonsa.

Zane ne a takarda mai kauri, cikin gilashi, a bangon ɗakin Kaka a unguwarmu ta Hindawiyya. Wani barde ne sanye da sulke, ya sauko daga doki ana tsakiyar yaƙi, takobi a hagu, da dama yana miƙa wa abokin gaba da ya faɗi salkar ruwa. A wuyansa akwai jan layi daga kunne zuwa kunne. Abin da aka gaya mana muna yara shi ne an yanka shi, amma ya ƙi faɗuwa sai da ya shayar da wanda ya yanka shi. Yaya ya yi kukan allura, Umma ta nuna hoton. Na ce cikina na ciwo ranar jarrabawa, hoton. Na tsani mutumin nan. Wuya a yanke, shi ko a jikinsa.

Bana aka shafa wa gidajen layinmu alamar rusau. Muka samu shigga, wato gidan haya a bene, ɗaki uku. Yaya, wanda yanzu shi ne babba tun rasuwar Baba, ya ce hoton abu mai rai ba zai shiga sabon gida ba, halas, magana ta ƙare. Kaka ta koma kan tufafinta. Zane ɗaya ta yi ta ninkewa tana warwarewa. Kwana uku muna ɗaure kwalaye, ni na kasa zama, na kasa tsayawa, kowa haushi yake ba ni. Na ce bari in sauke shi a huta.

Firam ɗin ya ruɓe, gilashin ya zame a hannuna. Da na shafa layin sai na ji ya lotsa cikin takardar. Biro ne. Na duba da kyau: akwai irinsa a wuyan wanda ya faɗi, akwai wani ɓoye cikin gezar dokin.

"Kaka, wa ya yanka dokin?"

Ta yi dariya har da tari. "Ni mana, 'yar nema. Su ukun duka."

A bakin teku ta saya, a Sudan, ita da kakanmu suna jiran jirgin ruwan alhazai. Da suka sauka nan ƙasa mai tsarki, wata maƙwabciya ta ce mala'iku ba sa shiga ɗaki mai hoto sai an raba kai da jiki. Ta ɗauko almakashi, ta kasa. Sai ta ari jan biro.

"To labarin yankan fa?"

"Uwarki ce ta ƙirƙiro, ranar da yayanki ya ciji mai allura."

Na ce to me ya sa ba ta jefar ba tun lokacin, takarda ce fa. Ta karɓa, ta kawo dab da idonta.

"Kakanku bai taɓa tsayawa an ɗauke shi hoto ba. Gemun nan nasa ne. Da yadda yake sunkuyawa in zai ba mutum abu."

Yaya yana bakin ƙofa, ya ji komai. Ya ce, "Kaka, ki yi haƙuri, layi ba yanka ba ne." Ya ce motar kaya za ta zo bayan la'asar, yalla, a gama.

Da can sai in tsaya mu yi ta yi har a ji mu a titi. Ban da lokaci. Na zare takardar daga hannun Kaka, na sa ta tsakanin shahadar sakandarena da takardar haihuwata, cikin jakar da ba mai buɗewa sai ni. In mun isa zan liƙa ta a cikin murfin kabad ɗin Kaka, ƙasa-ƙasa, daidai inda idonta zai kai in tana zaune. In Yaya ya gani, ni zai samu a tsaye a wurin.