Katin Baba a Hannun Ƙanensa

A masallacin Juma'a aka fara sanar da zuwansu. Liman ya ce wasu ma'aikatan lafiya za su shiga unguwannin Salaga suna awon hawan jini da ciwon suga, kuma ba magani suka kawo ba, bincike suke yi, za su riƙa bin mutum shekara bayan shekara don su gano abin da ke jawo waɗannan cututtuka. A lokacin ina koyarwa a firamare, gidan aurena kuma bai da nisa da gidanmu, don haka duk takardar Turancin da ta shigo, ni ake aika wa in zo in karanta.

Ran Talata suka iso: wata mata mai farar riga da kowa ke kira Madam, da maza biyu ɗauke da sikeli. Sun tsallake gidan da ke damanmu da na hagunmu, suka yi sallama a namu. Baba dillalin shanu ne, ya saba da mutanen da ke zuwa da fara'a alhali akwai abin da suke nema. Bai ba su wurin zama ba sai da ya tambaya.

"Duk gidajen layin nan, me ya sa sai nawa?"

Madam ta ce kwamfuta ce ta zaɓa. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" take ce musu.

Baba ya ce, "To wa ya gaya wa kwamfutar gidana?"

Ta yi dariya, shi bai yi ba. Na karanta masa takardar yarda daga farko har ƙarshe, na fassara. Akwai wurin da aka ce za a ajiye jinin don bincike na gaba, a nan ƙasar ko a wata. Na karanta wurin da sauri, amma ya tsayar da ni ya sa na maimaita. Daga ƙarshe ya dangwala hannu, don liman da bakinsa ya roƙi jama'a, Baba kuma ba ya son a ce gidansa ne ya fara ƙi.

Tambayoyin sun ɗauki fiye da awa ɗaya. Goro nawa yake ci a wuni. Suga cokali nawa a shayi. Mma, mahaifiyata, aka kira ta daga kicin aka tambaye ta magi nawa take jefawa a miyar kuka, da ko tana sa kanwa, da ko ana cin busasshen kifi mai gishiri na Makango. Ta rage adadin magin da rabi, ina jinta. Da suka tambayi Baba abin da ya kashe mahaifinsa, ya ce kwana ne ya ƙare. Aka zagaya masa awo a ciki, aka tsayar da shi jikin bango aka auna tsawonsa, aka ba shi kati mai lamba. Da aka nemi lambar wayar wani na kusa, na ba da tawa ba tare da na dube shi ba.

Abu na ƙarshe shi ne ya ɓata komai. Ɗaya daga cikin mazan ya fito da wata farar jarka ya ce Baba zai tara fitsarinsa a ciki na wuni da kwana, ya kawo tare da zuwa ɗibar jini kafin ya karya kumallo. Wai ta nan ake gane yawan gishirin da mutum ke ci. Baba ya dubi jarkar, ya dubi mutumin. A gidanmu ko aski aka yi masa, da kansa yake tattara gashin ya binne. Ya ce jibi zai tafi Bawku sayen shanu. Madam ta ce babu damuwa, a garuruwa uku suke aiki, wata mai zuwa suna Yendi, bayan nan Bawku, duk inda ya same su ya nuna katin. Ya karɓi jarkar ya sa a jakarsa.

Kusan wata biyu bayan haka ina cikin aji waya ta shigo. Wata murya ta ce sakamakon mahaifina ya fito, sugansa ya hau ƙwarai, a kai shi asibiti cikin makon nan. Na kashe wayar. A lokacin masu damfara ta waya sun yi yawa, sukan ce ɗan'uwanka na asibiti ka turo kuɗi, na ɗauka irinsu ne. Aka sake kira. Wannan karon na gane Hausar Madam. Ba ta nemi komai ba, ta dai ce a Yendi aka ɗebi jinin, kuma tana so ta ga Baba ido da ido.

Na kira shi bai ɗauka ba, don in yana kara, wato kasuwar shanu, ba ya kula waya. Mma ta fara kuka, tana cewa dama ta ga ya rame. Ni ban ga ramar ba, amma da ta faɗa sai na fara gani a zuciyata. Washegari na nemi izini a makaranta na hau mota. Hanyar ta cinye mini wuni guda, ina ta lissafa abin da za a hana shi ci.

Na same shi a karar Bawku yana duba haƙoran wani bijimi, lafiyarsa lau, yana ciniki rabi da Hausa rabi da Mosanci. Da ya gan ni fuskarsa ta sauya, ya ɗauka rasuwa aka yi. Na ja shi ƙarƙashin wata bishiya na gaya masa.

Abin da ya fara tambaya shi ne, "Yaya aka yi suka sami lambarki?"

Na ce ni na ba su.

"Ke kika ba su. To gobe in suka ce ki gaya musu inda na kwana, sai ki faɗa."

Na ce, "Baba, maganar rai ake yi. Sun ce sugan ya hau."

Ya daɗe yana kallon shanun. Sannan ya ce, a hankali, "Ba nawa ba ne."

Ashe da ya biya ta Yendi ya sauka wurin ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, tela ne a bakin kasuwa. Ya ba shi labarin jarkar don su yi dariya. Baba Ƙarami ya ce shi bai ga abin tsoro ba, awo ne kyauta, a ba shi ya je, ai uwa ɗaya uba ɗaya suke, jinin guda ne. Baba ya miƙa masa katin da jarkar, ya ga ya fita kunyar liman ba tare da ya ba kowa komai na jikinsa ba.

Ranar ya bar cinikin a hannun abokin sana'arsa, da safe muka kama hanyar Yendi. A mota bai yi mini magana ba sai sau ɗaya, ya ce kada in gaya wa Mma tukuna.

Rabona da Baba Ƙarami tun Babbar Salla. Na same shi a kan kekensa, rigar ta yi masa yawa, ga ledojin ruwan sanyi da ya shanye zube a ƙasa. Ya naɗe babban yatsan ƙafarsa da ƙyalle. Ya ce ƙusa ce ta soke shi wajen mako shida, ya ƙi warkewa. Da muka gaya masa abin da ya kawo mu, ya girgiza kai. Shi ya riga ya san abin da ke damunsa: akwai wani tela da ya buɗe shago kusa da nasa, tun daga lokacin jikinsa ya canja. Kuma tun da masu binciken nan suka zuƙe masa jini kwalba uku, ƙarfinsa ya ƙara raguwa. Bai yarda da telan ba, bai yarda da masu binciken ba, yanzu ma ya fara kallon yayansa da wani irin ido.

"Yaya, dama ka san abin da ke cikin allurar, shi ya sa ka turo ni?"

Ban taɓa ganin an yi wa Baba magana irin wannan ya ƙyale ba. Ya dai ce, "Tashi mu je."

Mun sami Madam a wani ɗaki a bayan asibiti, da akwatunan sanyi jere a gefe. Ta dubi Baba, ta dubi ƙanensa, ba ta nuna mamaki ba. Ta ce tun da ta ga takardun ta san da wata a ƙasa, don mutumin da ta auna a Salaga ya zo Yendi ya rage tsawo da yatsu huɗu. Ba ita ta ɗebi jinin ba, abokin aikinta ne, wanda bai san fuskar Baba ba. Ta kira ni ne ba tare da ta faɗi zarginta ba, don tana tsoron in ta faɗa za a ɓoye mata mai ciwon. Na ji wani iri. Ni ma ashe ba ta yarda da ni ba.

Ta sa aka tafi da Baba Ƙarami wurin likita, sannan ta juyo ga Baba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce abin da suke nema ba ya fitowa daga mutum ɗaya. Sai an tara mutane masu yawa, an san abin da kowa ke ci da yadda yake rayuwa, an jira shekaru a ga wa ya kamu wa bai kamu ba, a gwada da na wasu ƙasashe, sannan a iya cewa ga abin da za a rage. In aka haɗa cimar wani da jinin wani, an yi wa kowa ƙarya.

Baba ya saurara har ta gama. Ya ce, "Na ji. In kun gano, wa zai fara sani, mu ko waɗanda kuke aika wa jinin?"

Ta ce za a rubuta rahoto.

"Da wane harshe?"

Ta ce ita ma ma'aikaciya ce, ba ita ke yanke wannan ba. Ya ce to a cire sunansa. Ta ce haƙƙinsa ne, ta ja layi a kan sunan a gabansa. Ya nemi a dawo da jinin ƙanensa, ta ce ya riga ya tafi Ankara, babban birnin ƙasar. Ya gyaɗa kai kamar wanda aka tabbatar masa da abin da ya daɗe yana zato.

Baba Ƙarami ya yi kwana tara a asibiti. An ceci ƙafar, ba a ceci yatsan ba. Baba bai koma Bawku ba sai da aka sallame shi, kullum yana zaune a bencin ƙofar ɗakin, ƙanen kuma ba ya ɗaga kai in ya shigo. Sun yi kusan shekara ba sa wata magana sai gaisuwa. Mma da ta ji gaskiyar lamarin ta yi kwana biyu ba ta yi wa Baba magana ba, ni kuma ta ce in daina raba lambar wayata.

Masu binciken sun dawo Salaga sau biyu bayan haka, suna wuce ƙofarmu. Daga baya muka daina ganinsu. Na taɓa tambaya a asibiti ko an fitar da abin da aka gano, wani ma'aikaci ya ce yana jin an fitar, amma shi bai gani ba. Ban san ko rowa aka yi mana ba ko mantawa aka yi da mu.

Baba Ƙarami yana nan da ransa, ya sayi keken ɗinki mai lantarki don taka na ƙafa yana ba shi wahala. Ba ya fashin shan ƙwayoyinsa, duk wata yana zuwa awo da ƙafarsa. Amma da na kai masa ziyara bara, ya rage murya ya nuna mini shagon telan nan da haɓa, ya ce har yanzu telan bai gama da shi ba.